Yaron Bature: Rayuwar Boyi da Kuku a Gidajen Turawan Mulki

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Illela)

 

Lokacin da kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan wani ɓangare na tarihin ƙasarmu, mun san abin da ake sa ran ji daga bakinmu: ko labarin Marafa Maiturare da yadda ya raya arewacin Sakkwato daga Gwadabawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ko kuwa tarihin kasuwarmu da ta tara fatake daga ƙasashe. Waɗannan duka sun cancanci a yi su, kuma akwai waɗanda suka fi mu saninsu a cikin wannan rumfa. Mu dai mun zaɓi wani mutum wanda ba a cika kiran sunansa a taro irin wannan ba. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan zamanin Turawa ya gan shi: Bature yana zaune a kujera, karensa kwance a gabansa, a baya kuma ga mutum uku ko huɗu tsaye ƙiƙam da fararen riguna. A ƙarƙashin hoton za a rubuta sunan Baturen, wani lokaci har da na karen. Waɗanda ke tsaye a baya su ne maganarmu ta yau, wato boyi da kuku da sauran barorin gidan Bature.

Abin mamaki, sanannen yaron Bature na farko a tarihin Sakkwato shi kansa Bature ne. Kyaftin Kilafatin, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har sau biyu, a zuwansa na biyu ya taho da baransa, wani saurayi ɗan Ingila mai suna Richard Lander, ɗan mai gidan saukar baƙi, wanda ya shiga barance tun yana yaro. A ƙasar nan ana kiransa Nasara Ƙarami. Shi ya yi jinyar maigidansa har ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, shi ya binne shi a bayan gari, ya kuma kwashe takardunsa ya kai su Ingila. Bayan shekara uku, a 1830, wannan bara shi da ƙanensa suka bi kogin Kwara a jirgin ruwa daga Busa har teku, abin da ya gagari manyan Turawa da dama. Yau sunansa na cikin littattafan makaranta. Amma a wannan tafiya ta Sakkwato akwai wani dattijo Bahaushe, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, mutumin ƙasar Gobir, shi ne tafintansu. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa jin sunansa?

Na biyu da za mu ambata shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wani Bature ya 'yanta shi a Kukawa, sannan ya zama yaron Dakta Barth, wato Abdulkarim. Ya ratso Sakkwato tare da shi a 1853 a hanyarsu ta Tambutu, ya bi shi har Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Mun kawo shi ne domin yana cikin 'yan ƙalilan da muka ji labarin gidan Bature daga bakinsu. Sauran duka daga bakin iyayen gidansu muke jin su, kuma kowa ya san yadda labarin bara yake fitowa idan maigida ne ke bayarwa.

To, waɗancan baƙi ne masu wucewa. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, baƙo ya zama mai gari, barance a gidansa kuma ya zama sana'a. Mu mutanen bakin iyaka muka samu kanmu tsakanin Turawa iri biyu. Bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 da kafa turakun iyaka da ya biyo baya, Razdan yana zaune a Sakkwato, sama da kilomita 80 kudu da mu, kumandan kuwa yana Birnin Ƙonni, nan kusa da hancinmu, garin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta yi wa kisan gilla a 1899. Saurayin da ya bar gida neman kuɗin haraji ko na aure yana iya faɗawa gidan wannan ko na wancan. A ɓangaren Faransa ga aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, saboda haka jama'a da yawa sun fi gangarowa kudu. Wasu barorin kuma ba su zaɓi aikin ba sam. A farkon mulkin, yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi ana tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru, daga can a rarraba wasunsu gidaje su yi aiki. An cire su daga wata igiya, an sa su a wata mai ɗan laushi.

Gidan Bature ɗaya tak, ko da gwauro ne, yakan ɗauki mutane da dama. Kuku shi ne babba, shi ya fi kowa albashi, yana da yaronsa mai hura wuta da wanke tukwane. Babban boyi shi ke riƙe da ɗaki da tebur da tufafi da makullan sito, ƙarƙashinsa akwai ƙaramin boyi wanda duk abin da ya fashe a gidan shi ya fasa. Ga mai wanki da guga, ga mai doki, ga gadina, ga mai ɗebo ruwa, ga maigadi. Baturen ne ke biyansu daga aljihunsa duk ƙarshen wata, kuma shi ne alƙalinsu: ya yanke albashi in an fasa faranti, ya kori mutum da safe ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wannan karin magana ba ta shiga gidan Bature ba, domin boyi shi ke kwanciya a ƙarshe, shi ke tashi da farko. Tun duhun asuba ya ɗora ruwa, ya kai shayi bakin gidan sauro, ya zazzage takalma saboda kunama, ya cika bahon wanka da garwa, ya ajiye ƙwayar kwinin kusa da kofi. Ruwan sha sai an tafasa an tace. Kuku ya tafi kasuwa, ya dawo ya ba da lissafi kwabo-kwabo. Kuma a nan ya kamata mu tsaya mu jinjina wa waɗannan mutane, domin abin da suke yi gwaninta ce ta gaske. Mutumin da bai taɓa ganin Ingila ba, bai iya karatun boko ba, da murhun duwatsu uku da tsohuwar garwar kananzir ya mai da ita tanda, zai gasa burodi, ya fito da abinci kala huɗu a jere, daga romo har kayan zaƙi, duk daga ka. Kaza ce yau, kaza ce gobe, amma kullum da sabuwar kama. Turawa da kansu sun sha ba da labarin yadda mutum zai je cin abinci gidan abokinsa ya tarar da cokulansa da farantansa a kan tebur: boyin wannan gida ya aro wurin boyin wancan don kada maigidansa ya ji kunya. Suna da zumuncinsu da iyayen gidansu ba su san zurfinsa ba.

Matan Turawa har littattafai suka rubuta a kan yadda ake sarrafa waɗannan bayin Allah. Constance Larymore, matar wani Razdan, ta fitar da nata a 1908, Sylvia Leith-Ross da wata ƙawarta suka buga littafin girki a Zungeru a 1910. Akwai kuma wasiƙun wani matashin jami'i, Martin Kisch, wanda ya tako daga Zungeru zuwa Sakkwato da barorinsa, ya rasu a 1909 bai daɗe da isowa ba. Wanda ya karanta irin waɗannan littattafai zai ga ana maganar magidanta masu gemu kamar ana maganar yara: a yaba musu yau, a yi musu dariya gobe. Kalmar boyi kanta ma'anarta yaro, kuma da ita ake kiran mutum ko ya yi jika.

Inda kakanninmu na nan Illela da Kalmalo da Araba suka fi haɗuwa da su shi ne wajen rangadi. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba, iyakarsa Ƙauran Namoda a 1929, kuma kafin mota ta yawaita Di'o a kan doki yake zagaya ƙasa, kayansa a kan 'yan dako, kowane da nauyin da ya kai laba 60. Kuku yakan tashi tun cikin dare ya yi gaba, domin idan Bature ya iso gindin wata tsamiya da hantsi ya tarar da tebur a shimfiɗe. Garin da za a sauka kuwa an riga an aiko: a share bariki, a tara itace da ruwa da ciyawar doki da ƙwai da kaji. A nan ne dole mu faɗi abin da ba shi da daɗi. Sau da yawa Bature ya nemi kaza biyu, kafin saƙo ya ratsa bakin boyi da masinja da dogari ya zama kaza goma da rago. Kuɗin da aka bayar a biya talaka ba lallai ya kai hannunsa ba. Mai son ganin Bature da ƙara sai ya ga yaron Bature tukuna. Akwai waɗanda suka yi arziki ta haka, akwai hakiman da ke aika wa kuku goro domin su ji da wace fuska maigida ya tashi. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma wannan magana ta yi wa Turawa daɗi ƙwarai, domin ta sauke musu nauyi. Mu a ganinmu wanda ya kafa tsarin da mutum ɗaya baƙo zai mulki dubban jama'a ta bakin yaransa, shi ke da babban kaso na alhakin. Amma yaran ma ba za mu wanke su tas ba.

Sai dai ku dubi abin da aikin ya ci musu. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu, musamman jikin yaranmu, ya kai musu. Amma wa zai kai shayi da asuba? Saboda haka aka gina wa barori 'yan ɗakuna a bayan gida, abin da har yau muke kira baskwata, aka kuma takura zaman iyalinsu a ciki. Hannun da ke dama wa Bature abinci bai zama haɗari ba, ɗan da hannun ya haifa shi ne haɗari. A cikin gari kuma ba a bar su sun huta ba. Mutum ne da ke zuba giya a kofi, mai yiwuwa ya taɓa naman da addininsa ya hana, yana sa gajeren wando, yana gaisuwa a tsaye. Kalmar bariki da ta fara da nufin mazaunin soja da Turawa, ta koma zagi: ɗan bariki, wanda ido ya buɗe, kunya ta tafi. An hana wasunsu aure saboda haka. Da yawansu kuwa suna sallarsu a bayan kicin, suna azumi a tsakiyar bazara suna girka abincin rana da ba za su ɗanɗana ba.

Kuma su ne suka san Bature ciki da waje. Su suka gan shi yana rawar ɗari da zazzaɓi, su suka gan shi ya bugu, su suka gan shi yana kuka da wasiƙa a hannu. Kowane jami'i sai ya ci jarrabawar Hausa kafin ya ci gaba a aiki, kuma ko da yana da malami, yawan Hausarsa a bakin boyinsa da mai dokinsa ya tsince ta. Laƙabin da aka riƙa yi wa Turawa, irin su Mai Wandon Ƙarfe, wato Sharwood-Smith da ya yi Razdan a Sakkwato kafin ya zama Gwamnan Arewa, shaida ne cewa ana kallonsu fiye da yadda suke zato. Ta wannan ƙofa ta baya kalmomi da yawa suka shigo harshenmu: tebur, tawul, bokiti, kicin, sito, burodi. Fanka ma, wadda yanzu lantarki ke juyawa, asalinta wani ƙyalle ne da ake ratayawa a rufi, yaro ya zauna a waje yana jan igiya; Turawa suka kawo abin da sunansa daga Indiya.

Dukiyar bara ɗaya ce, takardar shaida. Bature kan yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ya tafi hutu gida, ko a yi masa canji, ko ya mutu. Abin da zai bar wa yaronsa shi ne 'yar takarda da zai nuna wa Bature na gaba. A nan za mu ba ku abin da muka gani da idonmu. Muna 'yan makaranta akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi kuku shekaru masu yawa. Yana da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ba ya bari a taɓa. Ran nan, da ya ji an ce mun fara jin Turanci, ya kira mu, ya buɗe, ya fito da takardu a naɗe cikin tsumma, sun yi ja don tsufa, ya ce mu karanta masa. Ta farko da ta biyu yabo ne: mai gaskiya, mai tsabta, gwanin burodi. Ta ukun, wadda ya ce ita ce ta Baturen da ya fi so, ba'a ce daga farko har ƙarshe, an rubuta ta yadda Bature ɗan'uwansa zai karanta ya yi dariya. Shekara da shekaru yana miƙa ta da hannu biyu. Muka dubi juna. Muka ce masa an rubuta cewa shi mutumin kirki ne. Ya yi murmushi, ya ce ai ya sani, ya mai da ita cikin tsumma. Har yau ba mu tabbata ko mun kyauta ba.

Da aka samu mulkin kai a 1960, Nijar a watan Agusta, Nijeriya a watan Oktoba, Turawan mulki suka yi ta tafiya. Barorinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, saboda haka babu fansho, sai abin da maigida ya ga dama ya bayar na sallama. Wasu suka koma gidajen saukar baƙi na gwamnati, wasu suka buɗe gidan burodi ko teburin shayi, wasu suka dawo gona da ƙarfin da ya riga ya ƙare. Wasu kuma, da yake sun ga abin da takarda ke yi, suka riga kowa kai 'ya'yansu makaranta lokacin da ake ɓoye yara a rumbu. Idan aka bincika, a cikin manyan ma'aikatan da Arewa ta yi alfahari da su akwai 'ya'yan kuku da jikokin boyi, ko da yake ba kowa ke son a faɗa ba.

Jama'a, Turawa sun tafi amma ba su tafi da baskwata ba. Mu muka gaje ta. Yawancin waɗanda ke zaune a kujerun gaba a wannan taro, har da mai wannan magana, muna da ɗaki a bayan gida a Abuja ko Legas ko Kaduna, kuma akwai mai kwana a ciki. Sau da yawa daga nan gida muka ɗauko shi, ko muka ɗauko ta: yarinya daga ƙauye da aka ce za a riƙa, yaro daga tsallaken iyaka da wata dillaliya ta kawo. Ita ke riga kowa tashi, ita ke shirya 'ya'yanmu su tafi makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga musu hannu. Bature, duk da girman kansa, yana yanka albashi, yana biya ƙarshen wata, yana ba da takarda. Mu kuwa mun samu wata dabara da ta fi tasa: sai mu ce ai 'yar'uwa ce, kuma 'yar'uwa ba a yi mata albashi. Ko kuwa kuɗin ya tafi hannun dillaliya, yarinyar ba ta taɓa ganin launinsa ba. Ranar da wani abu ya ɓace a gida, kowa ya san wanda za a fara tuhuma.

Hukuma ta yi nata. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, Jihar Sakkwato kuma ta sa hannu a kan dokar kare yara a 2021. Amma doka ba ta leƙa bayan gida. Ƙungiya irin tamu tana iya leƙawa, domin mun san juna, mun san gidan da kowane yaro ya fito. Shawararmu ga shugabanni ita ce kowane reshe ya buɗe littafi: duk ɗan ƙungiya da ya ɗauko yaro ko yarinya daga gida ya rubuta sunansa da na iyayensa da garinsu, da abin da aka yi alkawari a gaban shaidu, da makarantar da aka sa shi, ta boko da ta allo. A riƙa dawo da su gida ganin iyaye ko da sau ɗaya a shekara. Mun san za a ce wannan shiga sharo ba shanu ne. Amma muna tara kuɗi mu haƙa rijiya a ƙauyen da 'yarsa ke wanke-wanke a gidanmu ba ta san bihim ba, kuma mutanen ƙauyen suna gani.

Roƙonmu na biyu ya fi sauƙi, amma ya fi gaggawa. Wanda ya yi ƙaramin boyi a shekarun 1950 yau ya haura 80. 'Yan kaɗan ne suka rage, a nan da Gwadabawa da Sakkwato da Ƙonni. Littafin Baba ta Karo da aka buga a 1954 ya samu ne don wata Baturiya ta zauna ta saurari tsohuwa guda, ta rubuta. Yanzu kowane ɗalibi a cikinmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa. Muna roƙon 'yan makarantarmu da ke hutu su nemi waɗannan tsofaffi, su gaishe su yadda ya kamata, su tambaye su sunan Baturensu da laƙabinsa, da nawa ake biyansu, da hanyoyin da suka bi rangadi, da abin da ya faru ranar sallama. Wanda kuma ya gaji akwatin ƙarfe irin wanda muka ambata, kada ya bari gara ta riga mu. Ya kawo wa sakatare idan an zo hutun Babbar Sallah, a ɗauki hoton takardun a mayar masa da abinsa, a kuma rubuta cikakken sunan mai su da garinsu a ƙarƙashin kowace.